Tambaya da Amsa: Na Kai 'Yan Tantabaruna Kware, Biyar Ba Su Dawo Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga unguwar Mabera, nan cikin Sakkwato. Bara na sayi tantabarun tsere guda 6, yanzu sun ba ni 'ya'ya 14, manyan cikinsu sun kai wata 2 da rabi. Asabar ɗin da ta wuce, cikin wanga zafi na Afrilu, na kama su da hantsi bayan sun ƙoshi da dawa, na zuba su a kejin da nake kai kaji kasuwa, na ɗaure bayan babur na nufi Kware don in gwada su. Tun a hanya suke dukan keji suna hawan juna. Da na isa na iske biyu sun yi amai, ɗaya ta karya gashin fiffike. Ina buɗewa suka watse, kowace ta kama gabanta. Har yau 9 kaɗai suka dawo. Abokina ya ce irin ne bai da kyau. In sayar in sake iri, ko akwai inda na yi kuskure?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri. Kada ka sayar. Tsuntsun da bai taɓa shiga keji ba, aka jijjiga shi a bayan babur kimanin kilomita 20 da ciki cike, aka sake shi cikin ranar Afrilu, ya kuma gano gida, ai shi ya kamata a riƙe da hannu biyu. Guda 9 cikin 14 a irin wannan hali shaida ce ta iri mai kyau. Laifin ba na jininsu ba ne. Ka fafe gora ne ranar tafiya.

Abin da sababbin masu kiwo ba sa lura da shi shi ne, yawancin 'yan tantabarun da ke ɓata a gwajin farko tun cikin kwando suka ɓata, kafin su buɗe fiffike. Wadda ta share rabin sa'a tana dukan waya, zuciyarta na bugawa, bakinta a buɗe tana haki, in ka buɗe mata ƙofa ba gida take tunani ba, tserewa take yi daga abin da ya tsorata ta. Duk inda kanta ya fuskanta nan za ta miƙa. Lokacin da hankalinta zai dawo ta riga ta yi nisa, ga ƙishirwa, ga shaho yana shawagi. Shi ya sa a ƙasar Beljiyam, inda wasan tseren tantabara na zamani ya samo asali tun farkon ƙarni na 19, ake fara sabar da 'yan shila da kwando tun daga yaye. Mutanen da aka sayi tantabararsu guda ɗaya, mai suna New Kim, a kan Yuro miliyan 1.6 a shekarar 2020, ba wani sihiri suke yi ba. Ƙananan abubuwa irin waɗannan ne ba sa wasa da su.

Mu fara da kwandon kansa. Kejin kaji na kasuwa ka ajiye shi gefe. Na farko, ya yi tsawo: muddin tsuntsu ya ga sarari a samansa zai yi ta tsalle yana faɗowa kan 'yan'uwansa, a nan gashi ke karyewa. Kwandon tantabara gajere ne, tsayinsa santimita 25 zuwa 30, daidai yadda za ta tsaya a miƙe ba tare da kanta ya taɓa rufi ba. Na biyu, kejin da ya je kasuwa ya dawo yana iya ɗauko cuta. Cutar nan da ke murɗe wa tantabara wuya, wadda likitocin dabbobi ke kira faramikso, 'yar gida ɗaya ce da cutar Niyukasil mai ƙarar da kaji, kuma ta kashi da ruwan sha take yaɗuwa. Ka sa kafinta ko mai walda ya yi maka naka: ƙaramar ƙofa a sama ta saka tsuntsu ɗaya-ɗaya, babbar ƙofa a gefe mai faɗuwa ƙasa gaba ɗaya don su fita tare, sanduna a tsaye a ɓangare guda masu tazarar da kai zai fita amma kafaɗa ba za ta wuce ba. Ka shafa hannunka ko'ina a ciki; duk bakin waya ko ƙusar da ta karce ka, za ta tsinke musu gashi. A ƙasa ka shimfiɗa kwali mai kauri, ka zuba buntun shinkafa busasshe ko ɓarzajjen katako irin wanda ke zubowa in ana feƙe katako. Banda garin katako mai laushi, yana shiga musu ido da hanci. Kuma kada ƙasan ya zama mai santsi, don tsuntsun da ƙafarsa ke zamewa ba zai taɓa natsuwa ba.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne ranar yaye, wato suna da kwana 25 zuwa 30, sa'ad da suka fara tsintar ƙwaya da kansu. A wannan shekarun ba su san tsoro sosai ba, duk inda ka ajiye su nan ne duniya. Naka sun wuce nan, don haka za su ɗan ba ka wuya, musamman da yake sun riga sun ɗanɗana wahalar keji. Amma abu ne na mako 2, ba na shekara ba.

Ka shigar da kwandon cikin ɗakinsu, ka buɗe ƙofar gefe, ka bar shi nan kamar wani kayan ɗaki. Kada ka kama kowa. Abincinsu na yamma, dawa ce ko gero da ɗan wake, ka zuba shi a cikin kwandon kawai, kana kaɗa gwangwanin da ka saba kiransu da shi. Ranar farko masu ƙarfin hali ne za su shiga, sauran su tsaya suna leƙe. Kada tausayi ya sa ka watsa musu a waje. Yunwar dare ɗaya ba ta kashe tantabara, gobe da kansu za su yi rububin shiga. Bayan kwana 3 ko 4, in suna ci a ciki, ka tura ƙofar a hankali ka rufe na minti 10, ka buɗe. Washegari rabin sa'a. Haka har su kwana a ciki, kwandon na ajiye a inuwa, inda mage da ɓera ba za su kai gare su ba.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi buɗe kunne, domin a garin nan shi ne rai da mutuwa: shan ruwa a cikin kwando. Tantabara ba ta gumi. Zafin jikinta ya kai digiri 41 zuwa 42, kuma hanyar da take rage shi ita ce haki, hakin nan kuwa ruwan jikinta yake ƙonewa. Ka haɗa wannan da Sakkwato a watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ga tsuntsaye 14 a matse suna hura wa juna numfashi. Sannan tantabara tsuntsuwa ce mai riƙo da sabo: in ta san ruwa a kaskon da ke tsakar ɗaki, za ka iya rataya mata ruwa a gaban hancinta ta mutu da ƙishi ba ta gane shi ba. Dole a koya mata zura kai ta tsakanin sanduna. Ka samu bututun roba irin na famfo ka tsaga shi biyu a tsaye, ka toshe bakunansa, ko ka yanke gorar ruwa ta roba, ka rataya daga waje jikin sandunan. Zurfin ruwan ya kai yadda za ta nutsa baki, domin ita ba kamar kaza take sha ba, ba ta ɗaga kai sama. Tsotsa take yi a zuƙa ɗaya. Dabarar ita ce ka ciyar da su a kwando, ka ɗauke kaskon ɗaki, ka jira kamar minti 15, sa'an nan ka zo da buta kana tsiyaya ruwan a hankali daga sama don su ji ƙararsa su ga yana motsi. Tantabara in ta ci busasshiyar ƙwaya sai ta nemi ruwa. Ɗaya za ta fara, sauran su kwaikwaya. Ka zauna ka ƙirga da idonka, kada ka yi zato. Wadda ka ga ta koma lungu tana lumshe ido, ba barci take ji ba, ƙishirwa ce. Ka kama ta ka tsoma bakinta a ruwan, banda ƙofofin hanci, sau ɗaya ko biyu ya isa ta gane. In kana da tsohuwar tantabara mai sanyin hali wadda ta saba da kwando, saka ta cikinsu ya fi duk wata dabara tawa.

Ni kaina na sha wannan darasi da tsada. Shekarun baya na aika 'ya'yan wani jinsi da nake ji da shi ta hannun direban motar haya zuwa wajen Tambuwal, na ce a ba su ruwa kafin a sake su. Ya rantse ya ba su, kuma na yarda ya ba su. Ni ne ban taɓa koya musu sha ta sanduna ba. Rabinsu ban sake ganinsu ba.

Kamu ma yana da nasa ladabi. Kada ka riƙa bin su kana wawura da rana tsaka suna karo da bango. Ka kama su da asuba ko bayan magariba, ko ka rufe taga ɗakin ya yi duhu-duhu. Ƙafafu biyu tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, babban yatsa a kan ƙarshen fikafikai da gindin wutsiya, ƙirjin yana kwance a ɗaya hannun. A saka ta da kai a gaba, a sake ta sai ƙafarta ta taɓa ƙasa. Kada a cika kwando. Kowace ta samu wurin juyawa da kwanciya. In sun fara balaga, mazan sun fara kuka suna zagaye, ka raba su da matan, in ba haka ba faɗa za su yi ta yi har su fasa wa juna ido.

Amai da ka gani kuwa ba cuta ba ce, ƙoshi ne da jijjiga. Ba a ɗaukar tantabara da abinci cike a wuyanta. Ka fita da su kafin su ci na safe, abincin yana jiransu a gida. Wannan ma shi ke sa su faɗa ɗaki da sauri in sun dawo, maimakon su zauna kan rufin maƙwabta suna gyaran gashi.

Sai sun natsu da kwandon da ke ajiye sannan za a fara motsa shi. Ka ɗauka ka zagaya tsakar gida, ka ajiye a ƙofar ɗakinsu, ka buɗe su shiga su ci. Washegari ka kai su bakin layi. Bayan haka ka ɗora a babur ko Keke Napep, ka zaga unguwa minti 10 a hankali, ka dawo da su gida ba tare da ka sake su a ko'ina ba. Ka sa tsohon bargo ko katifar soso a ƙarƙashin kwandon don rage girgiza, ka ɗaure shi kada ya karkata, ka rufa masa buhun algarara ko zane mai shan iska daga sama da gaba, gefe a buɗe. Ban da leda, ban da but ɗin mota a rufe, kuma ka nisanta shi da hayaƙin salansa.

Akwai sharaɗi guda kafin sakin farko, kuma ban ji ka ambace shi ba. Shin 'ya'yan nan suna tashi a garke su yi kamar sa'a guda a sama, har su ɓace maka da gani su dawo? In har yanzu kewaya rufin gida kawai suke yi, ba su isa a kai su ko'ina ba. Wannan yawon da suke yi da kansu shi ne karatunsu na gari. Masu bincike a Jami'ar Okusfod ta Ingila sun nuna a 2004 cewa tantabarun da suka san yanki sukan bi manyan tituna, har su karya kwana a mahaɗar hanya. Wato ido yana aiki ƙwarai a kusa da gida, rana kuma ita ce babban abin da suke daidaita alƙibla da shi. Don haka ranar da hazon hunturu ya rufe gari har ba ka ganin ƙwayar rana, ko hadari ya haɗo da damina, ka bar su a gida.

In sun cika sharaɗin, fara da kilomita 2, a fili, nesa da wayoyin lantarki. Sau 2 ko 3 a wuri ɗaya, sannan kilomita 5, sannan kilomita 10, kana bin hanya guda, ko ta Kware ɗin ko ta Bodinga, kafin ka fara sauya musu kusurwa. A wannan watan ka sake su da fitowar rana, kafin ƙarfe 7 da rabi. Da ka isa kada ka buɗe nan take. Ka sauke kwandon a ƙasa, ka yaye rufin, ka rataya musu ruwa, ka koma gefe minti 15 suna kallon sama. Ka kori yara su ja baya. Sa'an nan ka saki ƙofar gefe a hankali, ba bugun kwando, ba tafi. Tsuntsun da ya saba yakan fito ne kamar mai fita daga ɗakinsa, su haɗu a sama, su yi zagaye ɗaya ko biyu su miƙe.

Game da guda 9 da suka dawo, ka ba su hutun mako guda kafin ka fara duk abin da na faɗa. Tunda sun zauna a kejin kaji, ka sa musu ido: zawo mai ruwa-ruwa kore, karkacewar wuya, ko wani abu rawaya kamar cuku a cikin baki. In ka ga ɗaya daga ciki, ka ware mai shi, ka nufi asibitin dabbobi. Akwai na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan garin, a can kuma za ka tambayi rigakafin faramikso, wanda ya kamata a yi wa kowane ɗan shila bayan yaye. Mai karyayyen gashi kuwa, manyan gashin tashi 10 ne a kowane fiffike, kuma wanda ya karye ba ya gyaruwa sai ta zubar da shi ta sake wani. In guda ɗaya ne za ta iya tashi a gida, amma kada ka kai ta nesa tukuna.

Biyar ɗin da suka rage, kada ka cire rai da wuri. 'Yan tantabara kan bi garken wani su sauka a gidansa, wasu kuma sukan dawo bayan kwana 4 ko mako, a rame. Ka bar ƙofar shigarsu a buɗe da rana, ka sanar da masu kiwo na wajen Runjin Sambo da Gidan Igwai kalarsu da zoben ƙafarsu in ka sa musu, ka kuma leƙa wurin masu sayar da tsuntsaye a kasuwa. Wadda ta dawo, ruwa za ka fara ba ta, sai bayan sa'a guda ka ba ta ɗan gero kaɗan, kuma ta yi kwana 7 a ware kafin ta koma cikin 'yan'uwanta.