Albashin Yuro 4,600 a Jamus: nawa ne ke isa aljihu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya gama digiri shekara uku ke nan ba aiki. Wani ejan ya nuna masa alƙaluma cewa matsakaicin albashi a Jamus ya haura Yuro 4,500 a wata, ya ce cikin wata shida zai mayar da kuɗin tafiya. Yanzu yaron ya tasa mahaifiyarmu a gaba sai an sayar da gonar gado. Barci ya gagare ni. Alƙaluman nan gaskiya ne? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanyaya miki zuciya. Alƙaluman gaskiya ne. Hukumar ƙididdigar Jamus, Destatis, da ke Wiesbaden, ta nuna a 2024 mai aikin cikakken lokaci yana samun wajen Yuro 4,600 a wata a matsakaici. Ejan bai ƙirƙiro lambar ba, amma ya ɓoye abin da ke bayanta, kuma kusan kullum sai an turo mini irin wannan saƙo, an ɗauki lambar an buga ta da canjin naira, sai ido ya rufe.

Wancan kuɗi shi Jamusawa ke kira Brutto, wato albashi kafin a taɓa shi. Abin da ke shiga asusun banki sunansa Netto. Tsakaninsu akwai harajin albashi, sai kason ma'aikaci na fansho, kashi 9.3 cikin ɗari, sai inshorar lafiya, da ta rashin aiki, da ta kula da mutum in ya gajiya. Fansho da inshorori kaɗai suna cin wajen kashi ɗaya cikin biyar na albashi. Gwauro marar 'ya'ya, wanda ke rukunin haraji na farko, in yana da Brutto 4,600, da ƙyar 3,000 ke isa hannunsa.

To wa ma ya ce ƙaninki zai samu 4,600 ɗin? A nan nake gajiya da masu yawo da ƙididdiga a WhatsApp. In mutum tara masu naira dubu-dubu suna zaune a teburin mai shayi, Alhaji ya tsaya da miliyan a aljihu, lissafi zai ce kowa a wurin yana da dubu ɗari, alhali tara ɗin ko ƙwai ba za su iya sawa a soya musu ba. Haka matsakaici yake. A cikinsa akwai likitan da ya shekara 20 yana aiki, da injiniyan BMW a Munich, da ma'aikacin banki a Frankfurt. Su ke jan lambar sama, galibin ma'aikata kuwa ƙasa da ita suke. Baƙon da ya sauka jiya, ba Jamusanci, ba a tantance takardunsa ba, ɗakin ajiyar kaya ko wanke-wanke a gidan abinci ne zai fara karɓarsa, a kan mafi ƙarancin albashi. A 2025 Yuro 12.82 ne a awa. Awa 40 a mako ya kama wajen 2,200 Brutto, a hannu wajen 1,600.

Daga nan haya ta ɗauki nata. Fiye da rabin mutanen Jamus a gidan haya suke, saboda haka ɗan ƙasa ma layi yake bi wajen neman ɗaki, balle baƙo. A Munich ɗaki ɗaya cikin gidan haɗaka ya haura Yuro 700, kuma kafin a ba ka makulli ana iya neman jinginar hayar wata uku. Kowane gida yana biyan Yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin, ko bai kunna ba. Tikitin bas da jirgin ƙasa na wata, Yuro 58 a 2025. Destatis ɗin nan dai ita ta ce wajen mutum 15 cikin 100 a ƙasar suna bakin talauci. Wannan shafin ejan ba ya buɗe shi.

Ban ce kada ya tafi ba, Hajiya. Hanya tana nan, sai dai takardu da jiran layin ofishin jakadanci na iya cin watanni. Ɗalibi sai ya nuna Yuro 11,904 na shekara a rufaffen asusu, kuma kuɗinsa ne, shi zai riƙa cira wata-wata. Tun Yunin 2024 akwai Chancenkarte, wato takardar izinin shiga ƙasar ta mai neman aiki. Kuɗin bizar dogon zama Yuro 75 ne. Miliyoyin da ejan ke nema, na mene ne?

Ku zaunar da yaron gaban Inna, ku ce ejan ya kawo takardar kwantiragi mai sunan kamfani da gari, an rubuta Brutto nawa, awa nawa a mako. Ku ji tsoron Allah a kan gonar nan, akwai haƙƙin sauran magada a cikinta. In ya ce sai an biya kafin a ga takarda, kada ko kunya ɗaya ta gonar ta fita.