Ƙarin garanti: amsar tambayarka kan takardar Alhaji

Jiya muna rufe shagonmu na gyara ka tambaye ni game da Alhajin nan da ya sayi talabijin mai inci 65 a wani babban kanti, aka ce ya ƙara kuɗi a ba shi garantin shekara biyu bayan na kamfani. Ka ce ka rasa shawarar da za ka ba shi. Gara da ka yi shiru, yaro. Da ka ce masa "ai garanti alheri ne", da ka cuce shi ba ka sani ba.

Garantin kamfani yana cikin kuɗin kaya, yawanci shekara ɗaya, wasu biyu. Wanda kanti ke tallatawa kuwa inshora ce aka sauya mata riga. Ribar talabijin ba ta da yawa, don mai saye yana iya zagaya shagunan France Road a nan Kano ya taya a shago biyar kafin ya zaro kuɗi. Amma wa ka taɓa gani yana taya garanti? Shi ya sa yaron kanti ya fi nacewa a kan takardar fiye da kayan, sau da yawa ma yana da kamasho a ciki. A Ingila sai da hukuma ta sa doka a 2005, ta tilasta wa kantuna rubuta farashin ƙarin garantin kusa da na kayan, ta kuma ba mai saye kwana 45 ya fasa a mayar masa da kuɗinsa.

To yanzu tuna abin da muka buɗe a kan bencin nan tun faɗuwar damina. Fawa bod, wato allon da ke raba wa talabijin wuta, a ƙone, kafasitar da ke kansa ta kumbura kamar ƙosai, wajen HDMI inda ake jona wayar dikoda ya yi baƙi saboda tsawa ta biyo wayar dish. An ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi, ko an tada janareta ba a zare kaya ba. Je ka karanta ƙananan rubutun bayan takardar. A da yawa daga cikinsu za ka tarar an cire hauhawar wuta, an cire tsawa, an cire ruwa, an cire gilashin da yaro ya jefa da rimot. Wato abin da ke kashe talabijin a garin nan, shi aka fara tsamewa. Kuma in wani mai gyara ya taɓa kwance bayanta, ko mu ne, magana ta ƙare.

Saura me? Aibin masana'anta. Shi kuma ba ya iya ɓuya, galibi a watannin farko yake bayyana, lokacin garantin kamfani na nan. Fitilun da ke haska gilashin daga baya su ne masu mutuwa da tsufa: sauti na fita, fuska duhu, ka haska tocila ka hango hoton a dishi-dishi. Ka sha canza su da hannunka, ka san kuɗinsu bai kai a saya musu inshora ba.

Ban ce kullum asara ba ce. Idan gilashin da kansa ya fara fitar da layi, a babbar talabijin, kuɗin sabo ya kusa kamo kuɗin talabijin ɗin gaba ɗaya, mu kanmu ba ma karɓar aikin. A nan takardar tana iya yin rana, in har an rubuta gilashin a ciki ƙarara. Sai ka tambaya wa zai yi gyaran, a nan Kano ko sai an ɗora a mota zuwa Legas, kuma wa zai biya kuɗin motar. Ka duba ranar da take fara aiki, don wasu daga ranar saye suke ƙirgawa, ka ga mutum ya biya shekarar da dama kamfani ya ba shi kyauta.

Idan Alhaji ya dawo, ka ce ya bar mana takardar in karanta. Kafin nan ya sayi sitabilaiza mai kyau, ya adana rasit da kwali, kuma a riƙa zare wayar dish da zarar hadari ya haɗo.