Jijiya ta kumbura a ƙwaƙwalwa amma hoto bai nuna ba

Tambaya: Likita dan Allah, yayana ciwon kai ya sare shi lokaci guda, hannu da ƙafar dama suka mutu, hoton CT ya nuna jini ya zuba can cikin ƙwaƙwalwa amma ba a ga inda ya fito ba, wai sai an sake wani hoton. Anya ba cin kuɗi ba ne? Daga wata 'yar'uwa, Fagge.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya 'yar'uwa, ba cin kuɗi ba ne sam. Akwai wasu 'yan siraran jijiyoyin jini can ciki, bangon ɗaya kan yi rauni ya kumbura kamar balan-balan har ya fashe, ba kasafai ake ganin irinsa ba, hawan jini ko sikila na iya jawo shi. Kumburin ƙarami ne ƙwarai, milimita kaɗan, kuma jinin da ya zuba kan danne shi ya ɓuya, shi ya sa ake zura siririn bututu ta cinya a sa rini a ɗau hoto, wani lokacin ma sai an maimaita bayan makonni.

Maganin kuwa, wani kumburin da kansa yake toshewa ana sa ido kawai, wani a liƙe shi ta bututun, wani sai tiyata. Ku ga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, kuma kar a ba shi asfirin sai da izininsa.