Ku Tambaya Mu Amsa: Katin ƙungiya zai shigar da ni Olamfik ɗin hunturu?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin wannan karon kusan duk waje ɗaya suka dosa, wato ƙungiyoyin 'yan jaridar da ke bin wasannin ƙanƙara da abin da mamba yake samu a cikinsu, to na tsinci guda biyar, waɗanda ba su ga nasu ba a yi min afuwa.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya ƙoƙari. Ni ɗalibar aikin jarida ce ajin ƙarshe, na ji wai akwai ƙungiya ta musamman ta 'yan jaridar wasannin hunturu, gaskiya abin ya ban dariya, wasan da bai wuce wata biyar a shekara ba har sai an yi masa ƙungiya? Me suke tsinanawa dan Allah? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ai ba ma ɗaya ba ce, suna da dama. Babbar cikinsu ita ce AIPS, ƙungiyar 'yan jaridar wasanni ta duniya, an kafa ta a Paris a 1924, shekarar da aka yi Olamfik ɗin hunturu na farko a Chamonix ta Faransa, yanzu hedikwatarta na Lausanne a Suwizalan, amma ita kowane wasa nata ne, ƙwallo da dambe da guje-guje duk ta haɗa. Sai waɗanda suka ware wa ƙanƙara zalla. A Amurka da Kanada akwai NASJA, ta faro a 1963 a matsayin ƙungiyar marubuta wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara (ski) ta Amurka kafin daga baya ta faɗaɗa ta canza suna. A Turai akwai AIJS ta masu bin tseren gangarowa daga kan dutse, su ne duk shekara suke kaɗa ƙuri'a su fitar da gwarzon shekara su ba shi kambun Skieur d'Or. Har da wata SCIJ da wani ɗan jaridar Faransa Gilles de la Rocque ya kafa a 1955 ana tsakiyar yaƙin cacar baka, don kawai 'yan jaridar gabas da na yamma su haɗu a kan dutse su san juna.

Kin ce me suka tsinana ko? To gasar cin kofin duniya ta zamiya da ake ji da ita yau, ba wata hukuma ce ta ƙirƙiro ta ba, ɗan jarida ne, Serge Lang. Kafin nan tsere ne barkatai, wannan satin a Wengen ta Suwizalan wancan satin a Kitzbühel ta Ostiriya, kowanne da nasa zakaran, kaka ta ƙare mai karatu bai san wa zai kira gwani ba, shi kuma mai rubutu ba shi da zaren da zai ja labari daga Disamba zuwa Maris. Shine a 1966 ana gasar duniya a Portillo ta ƙasar Chile, Lang ya zauna da kocin Faransa Honoré Bonnet da na Amurka Bob Beattie suka tsara a dinga tara maki tsere bayan tsere, a Janairun 1967 aka fara, Jean-Claude Killy na Faransa da Nancy Greene ta Kanada suka lashe na farko, hukumar wasan ta duniya FIS daga baya ta zo ta rungumi abin. Kambun nan na AIJS ma yanzu sunan Lang yake ɗauke da shi. Kinga kenan dariyar taki a rage ta kaɗan.

TAMBAYA: Malam ni mai ɗaukar hoto ne mai zaman kansa, ba ni da wata kafa da nake ƙarƙashinta. Wani ya ce min in na biya kuɗin shekara na karɓi katin ƙungiya shikenan zan iya shiga Olamfik ɗin hunturu in yi aikina. Haka ne in fara tara kuɗi? Daga wani mai hoto.

AMSA: Ɗan'uwa wanda ya faɗa maka haka ko bai sani ba ko kuma yana da abin da zai sayar maka. Katin ƙungiya daban, katin shiga gasa daban, kuma wallahi duk kaka sai an samu wanda ya ɗauko jaka ya taho da katin ƙungiya a wuya mai gadi ya dawo da shi daga bakin ƙofa.

Ga yadda na Olamfik yake tafiya. Kwamitin Olamfik na duniya IOC shi ke ware wa kwamitin Olamfik na kowace ƙasa adadin gurabe, shi kuma kwamitin ƙasar ya raba wa kafafen yaɗa labaran ƙasarsa, ana fara wannan hidimar kusan shekara biyu kafin gasa, da farko a raba adadi ga kafafe, daga baya kafar ta miƙa sunan wanda za ta tura. Manyan kamfanonin dillancin labarai irin su AP da Reuters da AFP su kai tsaye suke karɓar nasu. Katin ma aji-aji ne, mai rubutu E ake buga masa, mai hoto irinka EP, kuma wannan bai ba ka damar ɗaukar bidiyon wasa ba, bidiyo na tashoshin da suka sayi haƙƙin nunawa ne, kamfanin IOC mai suna OBS shi ke ɗauka ya rarraba musu. In kana son ta 2030 da za a yi a tsaunukan Alps na Faransa, ko ta 2034 a Salt Lake City ta Amurka, ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ta kwamitin Olamfik na ƙasarka ce, da wuri, da takardar edita a hannu da hotunan da aka taɓa buga maka.

To ina amfanin ƙungiyar? Ita ce za ta sanar da kai an buɗe neman gurbi kafin a rufe, wanda shi kaɗai ma ya isa, don wasu masu zaman kansu ba hana su ake yi ba, makara suke yi. Katin AIPS kuma, wanda ta hannun ƙungiyar marubuta wasanni ta ƙasarka ake nemansa, shaida ce cewa sana'arka kenan ba ɗan kallo ne ya sayi kyamara ba. Sannan a nan za ka samu wanda za ku haɗa kuɗin ɗaki da mota, kar ka raina wannan, Olamfik ɗin Milan da Cortina na 2026 a Italiya kaɗai tsakanin biranen biyu tafiyar wajen kilomita 400 ce, ga wasu wuraren gasar irin su Bormio da Livigno can wani ɓangaren. Shawarata ka fara da ƙananan tsere na kofin duniya, su masu shirya kowane tsere suna ba da nasu katin kuma ba su kai Olamfik tsauri ba, ka tara aiki tukuna.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na daɗe a aikin jarida amma ban taɓa shiga irin ƙungiyoyin nan ba saboda abu ɗaya. Na ga ana tallar wai mamba yana samun rangwamen kaya, tikitin hawa dutse kyauta, har a gayyace shi wurin shaƙatawa a ba shi masauki. Ni a ganina wannan toshiyar baki ce aka sa mata riga, ko na yi tsauri da yawa? Daga wani tsohon hannu.

AMSA: Yallaɓai ba ka yi tsauri ba, amma bari mu raba abin biyu. Akwai abin da mamba ke samu wanda babu ƙura a ciki, kundin sunaye da lambobin abokan aiki, takardar labaran ƙungiya da ke zuwa ta imel, taron shekara, bita, da gasar rubutu da hoto, NASJA na da kyautar Harold S. Hirsch, AIPS ma tun 2018 take ba da nata kyaututtukan kuma tana da shirin horar da matasan 'yan jarida a manyan gasanni. Duk wannan halal ɗinka ne.

Inda gizo ke saƙar shine ɗayan ɓangaren. Wasan ƙanƙara wasa ne mai tsada, kaya tsada, masauki a kan dutse tsada, tikitin lilon da zai hau da kai tsada, jaridu kuma sun rage kashe kuɗin tafiya, shi ya sa masu wuraren zamiya da kamfanonin kaya suka samu ƙofa, a NASJA ma ba ɓoyewa ake ba, akwai rukunin mambobi 'yan jarida akwai na kamfanoni, tare ake zama taro. Su kamfanonin ba don Allah suke yi ba kuma ban ga laifinsu ba, kasuwa suke nema. Amma kowa ya ci ladan kuturu ai ya san sauran.

Ni kaina na taɓa faɗawa, ba zan ɓoye maka ba. Wani wurin shaƙatawa da ba zan kama suna ba ya gayyace mu kwana uku, ɗaki mai kallon dutse, komai an biya, jami'ar hulɗa da jama'arsu har tashar jirgin ƙasa ta zo tarbarmu. Shekarar dusar ƙanƙara ba ta sauka ba, rabin hanyoyin a rufe, wanda ke buɗe kuma wani siririn zirin fari ne da injin ya fesa, hagu da dama ciyawa ce ja da laka. Na dawo na zauna na rubuta shafi guda kan kyawun wurin da karamcin mutanensa, zancen laka layi ɗaya na ba shi can ƙasa, kuma babu wanda ya ce in yi hakan, ko waya ba a yi min ba, kunya ce kawai ta riƙe min hannu. Har yau in na tuna wani ya karanta ya kwashi iyalinsa ya tafi sai in ji ba daɗi.

Kuma ka duba manyan labaran da suka girgiza wasannin nan, ba daga teburin liyafa suka fito ba. Badaƙalar cin hancin neman baƙuncin gasar Salt Lake City ta 2002, wata tashar talabijin ta garin ce KTVX ta fara fasa ƙwan a Nuwamban 1998, ƙarshe sai da IOC ta kori mambobinta shida a 1999. Maganar ƙwayoyin ƙara kuzari a Rasha, Hajo Seppelt na tashar ARD ta Jamus ne ya bankaɗo a Disamban 2014, aka yi ta tono har aka iso kan maguɗin da aka yi a ɗakin gwajin ƙwayoyi lokacin Olamfik ɗin Sochi na 2014. Samamen da 'yan sanda suka kai wa masu maguɗin ƙara kuzari a Seefeld ta Ostiriya a Fabrairun 2019 ana tsaka da gasar duniya, shi ma hirar da ɗan tsere Johannes Dürr ya yi da ARD ce ta jawo shi. To ni abin da nake yi yanzu, in tafiya ta rubutun yawon buɗe ido ce kuma wani ya biya, edita zai sani, mai karatu ma zan rubuta masa ƙarara cewa gayyata ce. In kuma rahoto ne kan hukuma ko gasa ko kamfani, ba na karɓar ko safar hannu. Wasu manyan jaridu ma gaba ɗaya suka haramta wa ma'aikatansu tafiyar kyauta, in taka tana da wannan doka to magana ta ƙare. Ka shiga ƙungiyar Yallaɓai, irinku ake buƙata a zauren, rangwamen ba dole ba ne.

TAMBAYA: Malam an tura ni ɗaukar rahoton gasa karo na farko a wata mai zuwa, tsoron sanyin nake wlh, me zan riƙe? Daga wata sabuwar 'yar rahoto.

AMSA: 'Yar'uwa riƙe fensir, da gaske nake. Ranar farko da na tsaya a layin da 'yan wasa ke bi ta gaban 'yan jarida bayan sun sauko, ɗan wasa ya tsaya yana haki tururi na fita daga bakinsa yana ban amsa, na danna biro ta ƙi, tawada ta daskare, na zaro waya in naɗa ita ma ta ɗauke alhali da safe a cike take, wata dattijuwar 'yar jarida da ke gefena ko kallona ba ta yi ba ta miƙo min guntun fensir. Sanyi na shanye batir, ki sa waya da batiran kyamara a aljihun ciki inda ɗumin jikinki yake. In za ki shiga ɗaki mai ɗumi daga waje ki saka kyamara a leda ki ƙulle sai ta huce, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a gilashin har cikin injin. Kaya kuma hawa-hawa ake sawa, kar na jikin fata ya zama auduga don tana riƙe gumi, kuma ki fi ba takalmi da safa muhimmanci, ɗan wasa minti biyu zai yi ya wuce, ke ce za ki yi awa uku tsaye a kan ƙanƙara, ta ƙafa sanyin ke shiga. Gilashin rana da man kare fata ma dole, hasken da ke dawowa daga dusar yana ƙona ido da fuska.

Ki dinga duba sanarwar alƙalai kuma, iska ko hazo na sa a ɗage tsere ko a sauko da wurin farawa, a tseren dogon zango ma dokar FIS ita ce in sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili ba a tashi. Sannan ki kula da alƙaluma, nan da ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa ake cin mutum, a Sochi 2014 Tina Maze da Dominique Gisin lokaci ɗaya cif suka yi aka ba su zinare su biyu, in kika juya lamba ɗaya kin canza zakara.

TAMBAYA: Sai na iya zamiya kafin a karɓe ni mamba? Daga wani mai karatu.

AMSA: A'a malam, banda irin su SCIJ da zamiyar ce ta tara su, abin da ake tambaya aikin da aka buga maka ne ko aka watsa, kuma mai bin wasan hoki ko rawar kan ƙanƙara cikin zaure yake aikinsa. Mai hoto ne dai in yana son tsayawa a gefen hanyar tseren gangara sai ya iya, ko ya ɗaura ƙarafunan nan masu haƙora a takalmi, don hanyar da ruwa ake yi mata feshi ta daskare kamar gilashi, a Kitzbühel akwai inda gangarar ta kai kashi 85 cikin ɗari, in santsi ya kwashe ka da jakar kyamara a baya sai dai raga ta tare ka.