Na Yi Alkawarin Baiko Don A Tafa Mini

Tambaya: A majami'armu, ranar sujadar godiya ta kaka, ana kiran sunan kowa da abin da ya kawo, jama'a kuma su tafa. Bara na zo da kwano biyu na masara, amma da na ji ana kiran buhuna sai kunya ta kama ni, na miƙe na yi alkawarin kuɗin da ba ni da shi, har yau ban cika ba. Shin Allah ya karɓi sujadata?
Daga wata mai karatu, Kafanchan

Amsa: 'Yar'uwa, masararki ba ta da aibi. A Markus 12:41-44 Yesu ya zauna daura da wurin zuba baiko na Haikali yana kallon masu arziki suna zuba kuɗi masu yawa, amma gwauruwar da ta saka 'yan anini biyu ita ya yaba, domin abin da za ta ci ne ta bayar. Da kin ajiye kwanonki kin koma mazauninki, da kin bi sahunta.

Bayarwa a idon jama'a ma ba laifi ba ce a karan kanta. Barnaba, ɗaya daga cikin masu bi na farko, ya sayar da gonarsa ya ajiye kuɗin a gaban manzanni, kowa na gani. Hananiya da Safiratu, a sura ta 5 ta Ayyukan Manzanni, su ma sun kawo nasu, sai dai sun ɓoye wani kashi suka nuna kamar duka ne, Bitrus kuwa ya faɗa wa Hananiya cewa gonar da kuɗinta duk a hannunsa suke, ba wanda ya tilasta masa. Ƙaryar ce ta hallaka su. Alkawarinki riya ce, tunda tafi kika nema, kuma damuwar da ta hana ki sukuni shekara guda alama ce cewa zuciyarki ba ta taurare ba.

Ki tuba a gaban Allah, sannan ki sami fasto ko ma'ajin ikkilisiya a keɓe ki faɗi gaskiya, a rage alkawarin zuwa abin da za ki iya biya, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Ina kuma da magana da dattawa. A ganina, kiran adadi da lasifika yana tura talaka ga ƙarya, mai hali kuma ga fahariya, alhali Matiyu 6:3 ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi. Ana iya karanta jimillar abin da aka tara ba tare da an ambaci sunan kowa ba, ma'aji ya riƙe sauran a littafinsa.