Wa Zai Tono Mana Tankunan Gidan Man Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana tsohon gidan mai a hanyar Gumel zuwa Maigatari, shekara tara ke nan ba a sayar da ko lita ɗaya ba. Muna so mu rushe shi mu gina siton riɗi da zoɓo. Akwai tankuna biyu a binne, kowanne na lita 33,000. Wani mai walda ya ce zai yanka su a cikin ramin, ya kwashe ƙarfen a bakin ladansa. Mu ba shi? Daga wani mai karatu a Gumel.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, kada ku bari ya kunna wuta a wurin nan. Tankin fetur da ake cewa "ba komai a ciki" shi ne abin tsoro, domin tururin man ya fi iska nauyi, yana nan kwance a ciki, ga kuma dattin da ya taru a gindi yana ƙara fitar da shi. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ina yaro a ƙauyenmu na ga an yanka duron fetur za a yi mazubin ruwa, murfin ya tashi sai bayan katangar maƙwabta. Duro fa, mai lita 200.

Wanda kuke nema ba mai rusau ba ne kawai. Ku je wurin masu gidajen mai na Gumel ko Haɗejia, 'yan IPMAN, wato ƙungiyar dillalan mai masu zaman kansu, ku tambayi wanda ya binne musu tankunansu, domin mai binnewa ya san tonowa. Ku kuma sanar da NMDPRA, hukumar gwamnati mai sa ido kan gidajen mai, wadda ta gaji tsohuwar hukumar DPR a wannan aiki a 2021, tare da 'yan kwana-kwana.

In ɗan kwangila ya zo, ku bar shi ya yi bayani da bakinsa. Na kirki zai ce sai an yanke wutar lantarki, an zuƙe ragowar mai da dattin, an wanke, an fitar da tururin an kuma gwada da na'ura, sannan a tone a ɗaga tankin ɗungurungum da kuren, wato injin ɗaga kaya masu nauyi. Wanda ya fara da tambayar nauyin ƙarfen, ku sallame shi da ruwan sanyi. Ku je ku ga aikin da ya taɓa yi, ku rubuta yarjejeniya a gaban dagaci, kafin alƙalami kuma kada ya wuce kima.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙasar ramin. In ta yi baƙi tana warin mai, tankin ya daɗe yana yoyo. A kwashe ta, kada a mayar, a kuma gwada ruwan rijiyoyin da ke kusa kafin a ci gaba da sha. Aikin kuwa ku bari sai rani, don da damina gefen rami zabtarewa yake yi.