Game da fitar yara yawon alawa a daren Halowin

'Yar'uwa, kin tambaya yadda za ki kiyaye yaranki idan suka bi 'yan unguwa karɓar alawa gida-gida ranar 31 ga Oktoba, tunda wannan ce shekararku ta farko a Amurka. Abin da ya fi damuna a daren nan shi ne mota, domin a jihohin arewa duhu yana shiga tun wajen ƙarfe 6, yara kuma suna tsallaka titi a guje cikin baƙaƙen kaya. Ki manna musu salatif mai ƙyalli a riga, ki ba kowa tocila, kuma ki bar abin rufe fuska a gida, saboda yana tare gani. Ƙananan ki riƙe hannunsu da kanki.

Gidan da fitilar ƙofarsa take kunne kawai ake ƙwanƙwasawa, kuma a bakin ƙofa ake tsayawa, ko da an ce su shiga. Kada su ci komai sai kun dawo, ki zubar da duk alawar da ledarta ta buɗe, ki karanta sinadaran, domin alawa mai danƙo sau da yawa da jelatin na alade, wato sinadarin da ke sa ta danƙo, ake yinta.